Harlem: Unguwar da Ke Sauya Masu Gida

Yau za mu leƙa Harlem da ke birnin New York na Amurka. 'Yan Holan ne suka kafa ta a 1658, suka raɗa mata sunan wani garinsu. Daga baya Yahudawa da Italiyawa suka cika ta, kafin baƙaƙen fata su kwararo daga kudancin ƙasar, suna gudun wariya da kisan gilla. Zuwa shekarun 1920 ta zama cibiyar adabinsu da kiɗansu.

Sai dai ba don so kaɗai suka taru a can ba. Masu gidaje a wasu unguwanni sun ƙi ba su haya, bankuna kuma suka hana su rance.

Yau idan ka bi titi na 116, kusa da masallacin da ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fata Malcolm X ya jagoranta, za ka ji ana ciniki da harsunan Wolof da Faransanci, ga atamfa, ga ƙamshin dafa-dukar Senegal. Amma kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, masu hannu da shuni na shigowa, jikokin waɗanda suka raya unguwar na tattara komatsansu. Wannan, a ganina, kora ce da aka yi wa laƙabi da ci gaba.