Ɗan Kada Na Tsumma

Karatunmu na yau yana cikin littafin Sama'ila na fari, sura 2, aya 18 da 19. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa sai ya buɗe wurin ya ajiye, za mu komo kansa.

Kwanan baya wata dattijuwa ta kawo mana ƙarar matar ɗanta. Ta ce, "Baba Fasto, na ga wani abu a ɗakin ɗana, tun ranar ban runtsa ba." Muka ce, "Mama, me kika gani?" Ta ce kada. Kada na tsumma, tsawon kamu ɗaya, duk ya koɗe, ido ɗaya ya fita, yana kwance bisa matashin surukarta. Matar nan kuwa ba yarinya ba ce, malamar makaranta ce mai 'ya'ya uku. Kullum in ta gyara gado sai ta ɗora shi a wurin, ba ta kuma yarda yara su fita da shi waje. Tsohuwar ta ce ta san gidaje a garinsu masu kan gida, ta san abin da ake ɓoyewa a ɗaka ana yi masa yanka. Ita dai ba za a kawo tsafi gidan da ake addu'a ba. Har ta riga ta gaya wa mata biyu cikin zumuntar mata, kun kuwa san zancen duniya ba ya ɓuya.

Ba mu yi mata dariya ba. Iyayenmu da yawa sun ƙone layu da guraye ranar da suka karɓi Ubangiji, wasu har aka kore su daga gida saboda haka. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya razana. Amma muka ce a kira matar, a ji daga bakinta.

A Doka aka haife ta, arewacin kogi, ba nisa da hanyar Ahmadu Bello. Babanta yana aiki a masaƙa can Kakuri, kullum yana haye gada safe da yamma. Mamarta tela ce, kekenta yana baranda. A zamanin nan 'ya'yan masu hali ne suke da ɗan beyar na kanti, wanda ake ce wa tedi. Sunan ya samo asali daga shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda a 1902 ya ƙi harbin beyar da aka ɗaure masa a wurin farauta. Mu sauran kuwa sai 'yar tsana ta ƙashi, da dokin kara, da motar langa-langa. Yarinya ta dinga kuka sai an saya mata tedi. Da Kirsimeti ya matso, uwar ta ce, "Mu 'yan Kaduna ne, garin kadduna. Me za ki yi da dabbar da ko kakanki bai taɓa gani ba?" Ta tattara ragowar atamfar kayan Kirsimeti, ta ɗinka kada, ta cusa masa audugar rimi, ta sa maɓalli biyu a wurin ido.

Sai rikicin Fabrairu na 2000 ya zo. Ba za mu daɗe a kansa ba, waɗanda suka gani ba su bukatar tuni. Maƙwabcinsu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya ɓoye su kwana biyu, daga nan suka haye zuwa Sabon Tasha da kayan jikinsu kaɗai. Bayan wasu watanni sai ga matar Alhajin ta neme su har ta same su, da ɗan ƙulli a kai, tukunya biyu da kadan nan. Abin da ta iya tsinta ke nan. Ba a yi shekara uku ba uwar ta rasu. Malamar ta ce mana, "Baba, ko hotonta ɗaya ba ni da shi. Wannan ɗinkin hannunta ne."

To, mu komo wurin karatunmu. Hannatu ta roƙi Allah ɗa, da ta yaye shi kuwa ta kai shi Shilo wurin Eli firist, ta bar shi can. Kowace shekara in za su haura miƙa hadaya, sai ta ɗinka 'yar riga ta kai masa. Ku dubi wannan da kyau, 'yan'uwa. Uwar da ba ta tare da ɗanta, dole ta riƙa kintata tsawonsa, ta ce bana ya kai nan, bari in ƙara ɗan taƙi a hannu. Littafin nan cike yake da yaƙe-yaƙe da naɗin sarakuna, amma Allah ya ga ya kamata a bar wa ɗinkin uwa wuri a ciki.

Wani zai ce, ai Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, a sura 13 ta wasiƙarsa ta fari, cewa da ya girma ya rabu da al'amuran yarinta. Gaskiya ne. Amma surar nan a kan ƙauna take, yarintar da yake nufi kuwa ta magana ce da ta tunani. Mun san dattawa masu furfura waɗanda ba su da abin wasa ko ɗaya, amma in ba a zaɓe su cikin kwamiti ba sai su daina zuwa sujada. Mun san wanda ya shekara uku bai gai da ƙanensa ba a kan iyakar gona.

Duk da haka akwai inda begen da yake da haɗari. A jeji, Isra'ilawa sun tuna da kifin Masar, da kankana, da albasa, da tafarnuwa, suka manta da bulalar masu gandu. Mu ma haka muke da Kadunan da. Muna tuna jiniyar masaƙa da yadda ake aika wa maƙwabta tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti, mu manta ɗaki ɗaya ne da mutum bakwai. Wasunmu kuma begen ya zama ɗaci, har muna koya wa yaran da ba su taɓa kwana a Doka ba su ji tsoron gada.

Saboda haka muka yi wa malamar tambaya biyu gaban surukarta. Muka ce, "'Yata, kina roƙon abin nan wani abu? In ya ɓace fa?" Ta ce, "Allah ya kiyaye, Baba. In ya ɓace zan yi kuka, ran Lahadi kuma za ka gan ni a majami'a." Muka ce madalla. Sai muka ce, "Hajiyar da ta haye gada ta kawo miki shi, yaushe rabonki da gaishe ta?" Ta sunkuyar da kai. Ta ce an fi shekara goma.

Tsohuwar ba ta ce kome ba ran nan. Amma mun ji ta koma wurin matan nan biyu ta janye maganarta, ta kuma nemi maɓalli ta ɗinke idon da ya fita. Asabar ta bi, su biyu suka shiga mota zuwa Doka, da turmin zane da sabulu. Sun sami Hajiya da rai, Alhaji ya rasu, idonta ya yi rauni ƙwarai. Malamar ta miƙa mata kadan, ta shafa shi tun daga baki har wutsiya, ta ce, "Ashe 'yar tela ce. Shigo, 'yata, ina yaran?"

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.