Yaron da muke kira daƙiƙi

'Yan uwana matasa na Tambuwal, Kebbe, Dogon Daji, Jabo, Sanyinna da Kuchi, da duk inda kuke bibiyarmu, ina gaisuwa.

Yau maganarmu a kan wani yaro ce da kowa ya san shi. In ana hira shi ne kan gaba, in aka aike shi kasuwa ko naira ɗaya ba a cutarsa. Amma a ce ya tashi ya karanta layi ɗaya a allo, sai gumi. Yana aji huɗu, sunansa ma sai ya yi kuskure. Malam ya ce lalaci ne, a gida a ce "wanga yaro kwanyarsa ba ta ja", 'yan aji su laƙaba masa daƙiƙi. Wasu ma su ce sammu ne.

To jama'a, abin nan yana da suna, ana ce masa disleksiya. Wani likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, shi ya raɗa sunan a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki kaɗai ake koyarwa, da ya fi kowa a makarantar, amma karatu ya gagare shi. Masu kallon fim ɗin Indiya kuwa, ku tuna Taare Zameen Par na Aamir Khan da ya fito a 2007. Ciwon yaron nan ke nan.

Matsalar ba a ido take ba, kuma ba ƙarancin basira ba ce. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke shan wahala wajen haɗa sauti da baƙi. Kai in ka ga "kaza", nan take ka ji sautuka huɗu sun haɗu. Shi kuwa kowane baƙi sai ya yi kokawa da shi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Abin yakan bi jini. Ƙungiyar disleksiya ta Birtaniya ta ƙiyasta mutum 1 cikin 10 na da shi. In muka ɗauki wannan lissafi, ajin yara 60 na iya samun shida.

Yanzu ku dubi nauyin da ke kan yaronmu. A boko ga b, d, ɓ da ɗ, kamar 'yan gida ɗaya. Ga "gari" na zama da "gari" na tuwo, rubutu ɗaya. A makarantar allo ga baƙaƙen da ɗigo kaɗai ya raba su. Sau da yawa za ka ga ya haddace da kunne tsaf, amma a nuna masa a allo ya rasa inda yake. Sannan ga Turanci, inda rubutu daban, furuci daban.

Amma fa a lura: ba duk yaron da bai iya karatu ba ne ke da disleksiya. Wani malami ne bai samu ba, wani kunne ne, wani ido, wani yunwa. Ƙananan yara ma da yawa suna juya baƙaƙe, daga baya su daina. Wanda muke magana a kai shi ne wanda aka koyar da kyau, tsaransa suka wuce, shi yana nan.

Ina za a kai shi? A birnin Sakkwato akwai makarantar A.A. Raji ta masu buƙata ta musamman, inda kurame da makafi ke karatu. Yaronmu yana ji, yana gani, ba can ne wurinsa ba. Kuma wane manomi ne a Kuchi zai ɗauki ɗan shekara bakwai ya kai shi birni? Shi ya sa ni a ganina, ba sabon gini muke buƙata ba. Malami muke buƙata wanda ya san abin, a cikin firamaren da yaron yake.

Hanyar koyarwar ma sananniya ce. Tun shekarun 1930 Samuel Orton da Anna Gillingham a Amurka suka tsara ta: sauti ɗaya bayan ɗaya, yaro ya gani, ya ji, ya faɗa, ya zana da yatsa, a maimaita har ya zauna. Can suna zuba yashi a faranti don yaro ya yi rubutu a kai. Mu yashi ne ya yi mana kaɗan? Ga kuma littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a Sakkwato da Bauci da tallafin USAID, su ma da sauti suke farawa.

Doka kuma tana bayanmu. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin farko kyauta ne kuma tilas ga kowane yaro. Ba ta ce ban da wanda karatu ke ba wahala ba.

Don haka ga roƙona. Hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi na Tambuwal da Kebbe su horar da aƙalla malami ɗaya a kowace firamare. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana nan kusa. A riƙa gwada karatun yara tun aji biyu. Malamai, don Allah a ajiye bulala, ba ta taɓa koya wa yaro baƙi ba. Mu kuma matasa da muka yi karatu, rabin awa bayan la'asar da ƙaninka ko ƙanwarka ba zai kashe ka ba.

Domin in muka yi shiru mun san ƙarshen labarin. Namiji ya gaji da dariya ya koma kabu-kabu, mace a ce boko bai karɓe ta ba, a ɗora mata talla. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku tura wannan ga duk malamin firamaren da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya yi wa zuri'armu albarka.