Wane Littafi Za Mu Riƙa Idan Mun Fita Da Ɗalibai Nazarin Halittu?



An umarce ni in yi tsokaci kan littattafan da ya kamata mu tanada domin fita da ɗalibai nazarin itatuwa da tsuntsaye. Maganata ɗaya ce: littafin da ya cancanci kuɗinmu shi ne wanda zai gaya wa yaro sunan abin da idonsa ke gani a Basawa, da sunan da zai iya maimaitawa a gaban kakarsa.

Ma'auni na farko shi ne ƙasa. Littafin da aka rubuta domin dazuzzukan Ingila, komai kyan hotunansa, ba zai amfane mu a bakin Kubanni ko a gindin dutsen Kufena ba. A fannin tsuntsaye akwai Birds of Western Africa na Borrow da Demey, wanda ya fito a 2001, da kuma na Serle da Morel na 1977. A fannin itatuwa akwai Trees of Nigeria na Keay, na 1989. Waɗannan na malami ne, ba na ɗan aji huɗu ba. Suna da tsada, Turancinsu kuma mai nauyi ne, don haka kwafi ɗaya ya ishi makarantu da dama idan reshe ya saya aka riƙa karɓa-karɓa.

Na biyu shi ne suna. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ma cike yake da irin waɗannan sunaye. Idan baƙo ya ga darajar kalmomin ɗorawa da kaɗanya da marke da maɗaci har ya adana su, bai dace su ɓace a hannunmu ba. Sai dai suna yakan bambanta daga Zazzau zuwa Sakkwato, saboda haka a tabbatar da shi a bakin manomi ko maharbi na unguwa kafin a rubuta a allo.

Na uku shi ne lokaci. Shamuwa tana zuwa ne gab da faɗuwar damina, ɗorawa tana fure da rani, rimi kuma a lokacin ne yake sakin audugarsa. Malamin da ya fita da hoton fure alhali itacen ganye kawai yake ɗauke da shi, zai dawo da yara cikin ruɗani. A zaɓi littafin da ya nuna ganye da ɓawo da 'ya'ya, ya kuma faɗi watan kowanne.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne lafiyar yara. 'Ya'yan bini-da-zugu da zaƙami guba ne, kuma suna tsirowa a shingaye da juji kusa da makarantunmu. Duk takardar da za mu ba ɗalibi, a fara ta da hoton abin da ba a ci.

Mu a nan Allah ya kusanto mana da rijiya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samo asali tun 1922, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello da lambun tsirranta da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Shawarata ita ce reshe ya rubuta musu takardar neman izinin ziyara, sannan ya kafa kwamiti ya tsara ɗan littafi na Hausa mai itatuwa ashirin da tsuntsaye ashirin na yankinmu, da filin da yaro zai zana abin da ya gani, ya sa kwanan wata.

Jama'a, abin yana da gaggawa. Ungulu da muka taso muna gani a kowace mahauta, tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Yaron da bai san sunan halitta ba, ba zai lura da ranar da ta ɓace ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, don haka ina roƙon a kafa kwamitin nan kafin mu tashi yau.