Wadi Dum: Darasi Daga Filin Jirgin Da Aka Bari



A yau mun so mu ja hankalinku zuwa wani wuri a hamadar arewacin Chadi, arewa maso gabashin Faya, mai suna Wadi Dum. A can ne sojojin Libiya na zamanin Gaddafi suka gina filin jiragen yaƙi a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da suka mamaye yankin. Tsawon titin saukar jiragensa ya kai mita 3,800, a ƙasar da yara da yawa ba su da ajin da za su zauna.

Filin bai daɗe a hannunsu ba. Ran 16 ga Fabrairu 1986 jiragen Faransa suka yi masa ruwan bama-bamai. A watan Maris na 1987 kuma sojojin Chadi, cikin motocin Toyota ƙarƙashin Hassan Jamus, suka ƙwace shi, suka kama sojoji masu yawa, ciki har da Khalifa Haftar. A 1994 Kotun Duniya ta tabbatar wa Chadi zirin Auzu, Libiya ta janye.

To amma baƙon da ya tafi bai kwashe kayansa ba. Ya bar tankokin yaƙi suna tsatsa, ya bar harsasan da ba su fashe ba, ya bar nakiyoyi binne cikin rairayi. Nakiya kuwa ba ta san an yi sulhu ba. Makiyayi da raƙuminsa, da yaron da ya tsinci ƙarfe don ya sayar, su ne suka gaji wannan yaƙi.

Nan ne aikinmu yake. Yara masu tsintar ƙarafa suna cikin azuzuwanmu, kuma ragowar makamai ta kashe irinsu a Borno ma. Wajibi ne mu koya musu abu uku: kada su taɓa ƙarfen da ba su sani ba, su koma ta sawun da suka zo, su sanar da babba. Mu kuma koya musu tarihin irin waɗannan wurare, domin wanda ya san abin da aka binne ba ya taka shi da ganganci.

Muna roƙon reshe ya nemi a sanya wannan darasi cikin jadawalin zango mai zuwa. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.