LADABI DA ZAMAN TARE: JAWABIN DA AKA YI WA JAMA'A A KIYESHE

Sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Dattawa da iyayenmu mata, samari da 'yan mata, manoma da makiyaya, mutanen Kiyeshe da baƙinmu da suka taso daga Dogondutsi da Matankari da Tibiri da Kore Mairuwa, ina gaishe ku duka, sannunku da zuwa.

Jama'a, maganar da za mu yi yau maganar ladabi ce. Wani zai ce, ashe don a koya mana gaisuwa aka tara mu cikin rana? To, ku ba ni kunnenku. Rigimar da ta ci gari, in ka bi sawunta, sau da yawa za ka tarar mafarinta kalma ɗaya ce da wani ya faɗa ba bisa ladabi ba, ko sallama ɗaya da wani ya ƙi yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ASALIN AREWA

Mu fara da gida. Masu tarihin baka suka ce tun da fari Gubawa ne ke zaune cikin wannan dallol, Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji. Sai Ari, ɗan Sarkin Barno, ya zo baƙunci. Aka sauke shi, aka ba shi 'yar Baura, ta haifa masa Akazama, wanda sarakunan Arewa suka fito daga tsatsonsa. Daga sunan Ari aka sami Arawa, Zabarmawa kuwa suka kira mu Mawri. Sa'an nan aka raba aiki: sarauta ta tsaya hannun jikokin baƙo, sha'anin ƙasa ya tsaya hannun masu masauki. Kowa ya san iyakarsa, kowa yana girmama ɗan'uwansa. Watau ƙasar nan tamu da baƙo da mai masauki aka gina ta.

Ku duba kuma wani irin baƙo. Cikin watan Afirilu na 1899 rundunar Bule da Shanuwan, sojan Faransa, ta iso Lugu. Ba su yi sallama ba, ba su tambayi mai gari ba, wuta suka sa. Sarauniya ta tsaya musu da mutanenta. Suka wuce suka ƙone Birnin Ƙonni, kafin watan Yuli ya ƙare sojojinsu da kansu suka kashe su a ƙasar Tasawa. Baƙo biyu ke nan. Na farko ya zo da ladabi, ga zuriyarsa muna zaune. Na biyu ya zo da girman kai, ba a tuna shi sai da tir.

TAUBASTAKA

Kakanninmu sun san mutane ba su zama wuri ɗaya ba tare da saɓani ba, harshe da haƙori ma suna saɓawa. Saboda haka suka ƙago magani, shi ne wasan taubasai. Ba'are da Bafulatani abokan wasa ne, kamar yadda Babarbare da Bafulatani suke. Bazabarme da Buzu haka, Bagobiri da Bazabarme haka. Ba'are ya tare Bafulatani tsakiyar kasuwa ya ce masa bawana, Bafulatani ya mayar masa da wadda ta fi ta, kasuwa ta fashe da dariya, kowa ya kama gabansa. Watan cika-ciki ya kama, a bi juna ana karɓar kuɗin shara.

Kada ku ɗauka wannan shashanci ne. Wasan nan yana da doka. Taubashi ba ya fushi da taubashinsa, ba ya cin amanarsa, ba ya zub da jininsa. In rigima ta tashi, taubashi ya shiga tsakani, tilas a saurare shi. A 2014 hukumar UNESCO ta rubuta taubastakar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Mutanen nesa sun ga darajar abin, kada mu masu abin mu yar da shi.

Amma ina jan kunnen samari. Wasa da zagi hanyarsu daban. Mai wasa yana duban fuskar abokinsa, in ya ga ransa a ɓace yake sai ya bari. Ba a wasa da mai makoki. Ba a kuwa fakewa da taubastaka a faɗi maganar ƙiyayya, a ce ai wasa ne.

MANOMI DA MAKIYAYI

Nan ne maganar ta fi nauyi, nan zan daɗe. Dattawan da ke zaune gabana sun ga zamanin da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka gonarsa bayan kaka, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ƙara masa da damin hatsi. Matar rugga ta kawo nono da man shanu, ta koma da tsaba. Manomin da ya sami saniya ya ba Bafulatani amana. Kowa yana ci daga hannun ɗan'uwansa.

Me ya sake? Mutane suka yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960 mutanenta wajen miliyan 3 ne. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Saura ta ƙare, gona ta ci makiyaya, ta ci burtali, ta kewaye tabki da rijiya. Manomi kuma ya zama mai dabbobi, yana kwashe kara da harawa ya kai gida ko kasuwa. Makiyayi ya gangaro daga arewa bayan damana, ya tarar da hanyar da ubansa ke bi ta zama gonar wake. Ga shi da garke mai jin ƙishirwa, ga manomi da hatsin da zai ci shekara yana tsaye bai girbe ba. Duka biyu suna da gaskiya, shi ya sa abin ke da haɗari.

Kun ji labarin Toda, cikin jihar Maraɗi. A ƙarshen watan Oktoba na 1991, lokacin da ake taron ƙasa a Yamai, rigimar gona da dabbobi ta tashi can, aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba mai gonar da hatsinsa ya kai wannan farashi. Ba na faɗin wannan don tayar da tsohon miki, sai don mu san inda fushi ke kai jama'a in ba a tare shi da wuri ba.

Bayan haka aka yi dokar karkara a 1993, aka kafa kwamitocin filaye, waɗanda kuke kira Kofo, daga ƙauye har zuwa gunduma. A 2010 aka ƙara dokar kiwo, wadda ta ce yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Doka ta hana noma burtali. Hukuma ke sa ranar sakin gonaki kowace shekara. In an yi ɓarna, a kai gaban sarki a yi sulhu, a kimanta, a biya, in abin ya gagara sa'an nan a je gaban alƙali.

To, doka tana takarda, takarda tana biro, amma manomi da makiyayi a bakin gona suke gamuwa, su biyu, babu jandarma kusa. A nan ladabi ke aiki. Makiyayi, in ka iso ƙasar wani gari, ka fara zuwa ka gai da maigari, ka tambayi inda aka girbe da inda ba a girbe ba. Kada ka bar wa yaro ɗan shekara goma garken shanu kusa da gona da dare. In dabbarka ta yi ɓarna, ka je da ƙafarka ka faɗa kafin a neme ka. Manomi, kai kuma, kada ka matsa shuka cikin burtali ka ce ai taku biyu ne. Bana taku biyu, baɗi taku biyu, shekara goma babu hanya. In ka sami shanu a gonarka, ka ajiye sanda da adda, ka kira shaidu, ka tafi wurin maigari da Arɗo. Wanda ya ɗauki hukunci da hannunsa ya mayar da gaskiyarsa laifi.

KOWA DA AL'ADARSA

Sau da yawa abin da muke kira raini, rashin sanin al'adar wani ne. Ka ba Bafulatani tuwo cikin jama'a ya ce ya ƙoshi, ka ce ya raina abincinka. Bai raina ba, kunya ce irin tasu, ka kai masa inda ba idanu ka gani. Buzu ya zo gaban surukinsa ko gaban babba ya ƙara jan amawali ya rufe baki, a wurinsa girmamawa ke nan. Yaron da ya yi lakwal an koya masa ya dubi mushe cikin ido in yana magana, a gida kuwa an koya masa ya sunkuyar da kai gaban uba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, tambaya tukuna: a garinsu yaya ake yi?

'Yan cin rani, ku ma da ku nake. Kuna zuwa Sakkwato da Ikko da Kwatano da Abijan, wasu har Libiya da Aljeriya. In ka je garin mutane ka bi dokarsu, ka koyi gaisuwarsu ko kalma biyar ce, gama da halinka za a auna mutanen Nijar duka. In ka komo, kada ka komo da raina gida. Wanda ya yi wata takwas a bakin teku ya dawo yana miƙa wa tsoho hannu daga kan babur, ba wayewa ya samo ba. Kuma ku tuna Arawan Kangiwa da ke jihar Kabi 'yan'uwanmu ne na jini. Turawan Faransa da na Ingila ne suka kafa iyakar nan tsakanin 1906 da 1908, ba su kuwa tambayi kowa ba.

Ma'aikata, ku ma ga naku. Tsohuwa ta taso tun asuba da ƙafa don takardar haihuwar jikanta, ta iso biro, a bar ta tsaye, a amsa mata da Faransanci. Wannan ba ilimi ba ne. Tun 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Ka gaishe ta, ka ba ta kujera, ka yi mata bayani da harshen da take ji. Mu kuma Hausawa, kada wannan ya sa mu ɗaga kai ga mai Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci. Babban yaya shi ke da haƙuri.

ADDINI DA SALULA

Cikin Arewa akwai 'yan ɗariƙa da 'yan Izala, akwai Kirista, akwai masu riƙe da al'adun kakanni. Har kan gaisuwa an sha gardama cikin gida ɗaya: ɗa ya ce malaminsa ya hana durƙusa wa mutum, uba ya ce ɗansa ya raina shi. Ba ni ne zan raba wannan gardama ba, aikin malamai ne. Amma babu malamin da ya halatta ɗaga wa uba murya. Wanda ba zai durƙusa ba, ya tausasa harshe, ya tuɓe takalmi, ya riga kowa zuwa gonar ubansa. Uba kuma ya dubi zuciyar ɗansa.

A watan Janairu na 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Wanda ya yi zanen yana Faris, wanda aka ƙone wa ɗaki maƙwabci ne, ɗan ƙasa, mai biyan haraji ɗaya da mu. Laifin wani ba ya hawa kan wani.

Yau kuma ga salula a aljihun kowa. Da, mai tsegumi sai ya taka da ƙafa gida gida. Yanzu murya ɗaya a WhatsApp ta kai Doso da Agadas kafin ka sha fura. Magana zarar bunu ce. In saƙo ya zo maka yana cewa ƙabila kaza ta yi kaza, tambayi kanka: wa ya faɗa, a wane gari, yaushe? In ba ka sani ba, ya mutu a hannunka. Kada kuma ka ɗauki hoton mutum cikin wahala ko gawar wani ka watsa. Kuma in babba yana yi maka magana, salula ta koma aljihu.

ABIN DA NAKE ROƘO

Jama'a, abu huɗu nake roƙo ku koma gida da su. Na ɗaya, kafin kaka ta zo, kowane maigari ya zauna da Arɗo da 'yan Kofo, a bi burtali da ƙafa, a ga inda aka ci shi, a gyara tun ba a ga jini ba. Na biyu, iyaye su koya wa 'ya'yansu su wane ne taubasansu, da dokar wasan. Na uku, kowa ya koyi gaisuwa da harshen maƙwabcinsa. Na huɗu, kada wanda ya tura maganar da bai tabbatar ba.

Ba ɗaya cikin huɗun nan da ke bukatar ko dala, ba kuwa sai mun jira Yamai ta aiko ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye gonakinmu da garkunanmu, ya zaunar da Arewa da Nijar lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.