Faɗan Baki Ko Na Hannu? Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai



Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka a kan kalma ɗaya zan tsaya. Kalmar ta Sifaniyanci ce, wato pelea, aikatau ɗinta kuma pelear. Masana harshen sun ce daga pelo ta fito, ma'ana gashi, kamar dai masu faɗa da suka cakumi gashin juna. Amma yau mutumin Sifen kan ce miji da mata sun yi pelea alhali ko yatsa ba wanda ya ɗaga. Da wannan kalma kuma yake kiran dambe da karon zakaru.

To, mai fassara zuwa Turanci tilas ya zaɓa. In ya rubuta argument ko quarrel, cacar baki ce. In ya rubuta brawl, an ba hammata iska ke nan. Kalmar fight tana ɗaukar duka biyun, musamman a bakin Amurkawa, amma in ta shiga rahoton 'yan sanda, naushi mai karatu zai hango. Ku ɗauka wani ɗan'uwanmu ne a Madrid ko Malabo aka fassara takardarsa za a kai ofishin biza. Maƙwabci ya ce ya ji pelea ta bayan bango, aka rubuta fight. Mutumin da murya kawai ya ɗaga ya zama mai dukan iyali.

Akwai ƙawarta, riña. Sashe na 154 na dokar manyan laifuka ta Sifen, ta 1995, ya yi amfani da ita ga faɗan taron dangi da abin da ke iya kisa ko jin rauni, kuma ana ɗauri a kai. Amma a gida, in uwa ta tsawata wa yaro, aikatau ɗin wannan kalma, reñir, shi ake faɗa. Ga kuma discutir, wadda sau da yawa musu take nufi, ba tattaunawar discuss ba.

Malamanmu na Turanci za su yi mini afuwa, amma a nan Hausa ta fi kusa da Sifaniyanci. Mu ma mukan ce sun yi faɗa, mu ce Baba ya yi mini faɗa, sai mai sauraro ya tambaya: da baki ko da hannu? Wannan tambaya mai fassara zai fara yi wa mai magana kafin ya ɗora alƙalami a takarda.