Surame: Amanar Kanta Tana Hannunmu
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai



An nemi in yi magana a kan abin da ƙungiyarmu za ta yi wa garinmu Augie da ƙasar Kabi baki ɗaya. Na zaɓi in yi magana a kan Surame.

Kamar yadda malamanmu na tarihi suka koya mana, Muhammadu Kanta ya ɓalle daga hannun Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame ta zama babban birninsa. Ganuwarta ta dutse ce da laka, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasar Hausa. Sarakunan Kabi sun zauna can kusan shekara 200 kafin su koma Birnin Kabi, daga bisani kuma Argungu. A 1964 Gwamnatin Tarayya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 2007 kuma aka shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO ta amince da su. Har yau tana cikin masu jira, alhali Sukur ta Adamawa ta samu shiga tun 1999, kurmin Osun na Osogbo kuma a 2005.

To, ina gizo ke saƙar? Da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991, Surame ta faɗa Ƙaramar Hukumar Binji ta Jihar Sakkwato, jikokin Kanta kuwa akasarinsu suna nan gefenmu. Ga shi mun ɗauka aikin na Sakkwato ne ko na Abuja. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda takarda ke kwana a kan tebur in babu mai bin ta. Ita kuwa damina ba ta jiran takarda. Ruwa na zaizaye laka, saiwar itace na tsaga dutse, dattawan da suka san labarin ƙofofin birnin kuma suna ta ƙarewa.

Muna da misali a gida. Tsohuwar fadar Argungu da aka bari a 1942 ba ta zama kufai ba, domin masarauta ta mai da ita Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Bikin kamun kifi da aka fara a 1934 kuwa, jama'a ne suka riƙe shi har UNESCO ta karɓe shi a 2016.

Don haka ina ba da shawara huɗu. Na ɗaya, mu kafa kwamiti ya kai gaisuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabi na Argungu da hakimanmu, sannan ya nemi 'yan'uwanmu na Binji da Silame mu haɗa hannu. Na biyu, kowace shekara mu ɗauki nauyin mota ta kai ɗaliban makarantarmu Surame da Gidan Tarihi. Na uku, malaman tarihi da ɗalibansu su bi dattawa, su naɗi labarinsu a waya, a rubuta shi da Hausa. Na huɗu, mu yi aikin gayya na share ciyawa kafin lokacin gobarar daji, amma kada kowa ya taɓa ganuwa ko ya kai mata siminti sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina roƙon Shugaba ya sa a zaɓi 'yan kwamitin nan kafin mu tashi, ni kuma a rubuta sunana farko.

Allah ya gafarta wa malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya.